Malam Jan Biro da 'Yan Aji Ɗaya

Zuwa ga Takwarata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan nan naki mai tsadar magana. Mu nan lafiya lau muke, in ban da gwiwata ta hagu da ta mai da kanta sarauniya, ba ta tashi sai an yi mata fadanci. Kawunki direba ne zai kawo miki wannan takarda, tunda yanzu motarsa ta kaya tana bi ta garinku. Kada ki ce me ya hana ni kira a waya. Waya ba ta da haƙurin sauraron tsohuwa, ina tsakiyar labari sai ta katse, kunnena kuma rabin magana yake kamawa, ya ƙarasa sauran da kansa. Tunda na sha wahalar ajin manya har na iya riƙe biro, bari in ci moriyar wahalata. Inda kika ga harafi ya kwanta ki tashe shi, tsufa ne.

To, barka da arziki! An ce an danƙa miki makarantar firamare sukutum, ke ce shugaba. Ranar da mamanki ta zo da labarin, ihun murnar da na yi sai da akuyar maƙwabta ta tsinke igiya. Yarinyar da na goya tana jiƙa min baya, yau ita ce manyan malamai ke tashi wa tsaye. Allah ya taya ki riƙo.

Mamanki ta kawo min littafin nan da kika aiko mata, mai bango mai sheƙi, wanda aka rubuta wa Tsarin Gyaran Makaranta. Na sa tabarau na bi shi shafi-shafi. Kai, an iya magana! Za a gyara, za a ƙarfafa, za a tabbatar. Na yi ta leƙa shafukan ko zan ga wanda zai yi, ɗan wane gida ne, yaushe zai tashi daga barci, ban gan shi ba.

Sai na tuna da kajinmu. Kina 'yar ƙarama kika ɗauki gawayi kika zana a bangon tsakar gida wanda zai ba kaji hatsi kowace rana: yayanki, ƙanenki, ni, har da kakanki, Allah ya jiƙansa, mutumin da bai san kalar kajin gidansa ba. Layuka a miƙe kamar an ja da zare. Sunan mutum ɗaya ne babu a bangon, naki. Da na tambaye ki, sai kika riƙe ƙugu kika ce, "Kaka, ai ni ce mai tsarawa." Kafin mako ya zagayo kaji suka gane babu alheri a gidanmu, suka tattara suka koma wajen maƙwabta, har yau jikokinsu suna can.

Ba gori nake miki ba, tsokana ce, kuma haƙƙina ne. Amma ki faɗa min gaskiya, a cikin wannan tulin alkawura, wanne za ki fara kamawa, kuma a wuyan wa zai rataya? Ki ba kawunki amsa in zai juyo.

Kakarki mai ƙaunarki.

* * *

Zuwa ga Kaka,

Wa'alaikumus salam. Na samu takardarki, na ji daɗi da kuke lafiya. Ki gaida sarauniya gwiwa, ki ce ina roƙonta ta yarda a riƙa shafa mata maganin likita. Mu ma lafiya lau. Maganar kaji kuwa kin ƙara gishiri, Kaka, ba duka suka gudu ba.

Tambayarki ta sosa min daidai inda ke ƙaiƙayi. Littafin nan ba ni kaɗai na rubuta shi ba, mu da mutanen ofishin ilimi ne, kuma a cikin kwabar ofishina na tarar da irinsa na shugabannin da suka gabace ni, duk ƙura ta rufe su. Don haka na zaɓi layi ɗaya na ce da shi za mu fara: kada yaro ya bar aji ɗaya bai iya haɗa baƙaƙe ya karanta ba. Sauran su jira.

Ga inda gizo ke saƙa. A makarantar nan azuzuwa kamar tsani suke. Sabon malami a jefa shi aji ɗaya, in ya daɗe ya hau sama, wanda ya fi kowa girma shi ke riƙe aji shida, masu jarrabawar fita. Yanzu aji ɗaya yana hannun wata 'yar malama da ta fito daga kwaleji bana. Yara sun cika mata ɗaki har bakin ƙofa, wuni take tana rabon faɗa da neman takalman da suka ɓata. Aji shida kuwa yana hannun wani dattijo da ake kira Malam Jan Biro, don ba ya rabuwa da jan biro a aljihun gaba. Ko sanarwa na liƙa a ɗakin malamai, sai na dawo na tarar ya gyara min ita. Tun kafin in shiga firamare yake koyarwa.

Abin da na lura da shi, lokacin hutun cin abinci, in kowa ya fita, yakan tsare manyan yaran da suka kai aji shida ba su iya karatu ba, ya rufe ƙofa don kada su ji kunya, ya koma da su kan a, ba, ca. Kafin zango ya yi nisa sai ki ji su suna karanta shafi guda. Na ce a raina, wannan hannun a ƙasa ake buƙatarsa, tun icce yana ɗanye.

Sai na tafka wauta. A taron malamai, gaban kowa, na ce daga yanzu Malam zai koma aji ɗaya. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Shugaba, laifin me na yi?" Na ce, "Malam, ba laifi ba ne, don kai ka fi kowa iyawa ne." Ya ce, "Allah sarki. Yau na ga inda ake saka wa gwani da share majina." Wani ya yi dariya ya mai da ita tari. Washegari ya je ofishin ilimi ya nemi a canza masa makaranta, ya kuma ce kafin a amsa masa ƙafarsa ba za ta taka aji ɗaya ba.

Kaka, in mutumin nan ya tafi ba ni da wani mai irin hannunsa, kuma sauran malamai sun zuba ido su ga nawa littafin ya bi 'yan'uwansa cikin kwaba. Kullum da safe yana gaishe ni da ladabin da ya fi zagi ciwo.

Jikarki, Takwara.

* * *

Zuwa ga Takwarata,

Bayan gaisuwa, muna nan lafiya. Gwiwa ta karɓi saƙonki, ta ce za ta yi shawara. Mamanki ta yi mura ta warke, ta bar min tarin a matsayin tukuici.

Na karanta takardarki na sake karantawa. Da farko dai, zaɓin nan naki ya burge ni. Ban san kan makaranta ba, amma na san ba a fara gini daga rufi. Sai dai ke ma, 'yar nan! Ana tuɓe wa dattijo hula a tsakiyar kasuwa? To, bakin alƙalami ya riga ya bushe, sai a nemi gyara.

Wannan Jan Biro ban san shi ba, amma na san irinsa, don na zauna da ɗaya har Allah ya raba mu. Kakanki in kika ce masa gabas, ko da can ya nufa sai ya juya yamma. Akwai lokacin da ƙofar madafina ke kallon ɗakin kwana, kullum hayaƙi a ƙirjinmu, kayan sawa duk suna warin itace. Na yi roƙo, na yi fushi, na yi kuka, a mai da ƙofar ɗaya gefen, ya ce haka ubansa ya gina. Sai na yi shiru na bar maganar ta huce. Wata rana yana zaune a inuwa yana gyaran rediyo, na ce wa ƙanwarsa, da ƙarfi yadda zai ji, "Ai mai da ƙofar nan aikin magina ne na gaske, kada ma yayanki ya ji ya ce zai gwada, ya rushe mana bango." Takwara, kafin rana ta karkata mutumin nan yana cikin madafi da diga, rediyo a yashe. Har ya rasu yana nuna wa baƙi ƙofar yana cewa dabararsa ce, ni kuma ina gefe ina cewa, "Ai sai kai, maigida."

To ga shawara kyauta. Ki nuna kin janye maganarki. Ki bari sai yana kusa, ki ce wa wata malama, "Gaskiya na yi kuskure, 'yan aji ɗaya sun fi ƙarfin tsoho, ƙugunsa ba zai ɗauki sunkuyo ba." In bai zo da ƙafarsa yana neman ajin ba, a canza min suna, kin ga ke ma sai a canza miki.

Ki riƙa cin abinci. Kawunki ya ce kin rame, ko da yake shi kowa ramamme ne a idonsa.

Kakarki.

* * *

Zuwa ga Takwara,

Ina gaisuwa, amma a taƙaice, don raina a ɓace yake. Lafiyarmu ƙalau, in ana kiran zaman zullumi lafiya.

Kawunki ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, hannu rabbana. Ba takarda, ba saƙo. Na ce ko tsokanata ce ta yi yawa, ko shawarata ce ta jawo miki wani abu. Jiya na tsare shi a ƙofa na ce ko ruwa ba zai sha ba sai ya faɗa min abin da idonsa ya gani. Ya yi ta sosa ƙeya, sannan ya ce ya biya makarantarku, ya nufi ƙofar da aka rubuta wa Shugaba, ya tarar da yara maƙil a ciki suna ihu. Ya tambaya, aka nuna masa baranda. Wai ga ki can ƙarƙashin ƙararrawa, da ɗan tebur mai gurguwar ƙafa an tokare shi da dutse, takardu an danne su da kofi kada iska ta kwashe, alli har a girarki, murya ta dushe. Wai kika ce masa, "Kawu, ka gaida Kaka, zan rubuto," kika ruga cikin yaran. Ya ce kuma ya ga wani dattijo tsaye a bakin taga, hannu a baya, yana kallonki yana girgiza kai.

Wato sun ci galaba ke nan? Sun ƙwace ofis sun watso ki waje kamar kayan da aka fasa saye, tsohon nan kuma yana tsaye yana kallon abin da ya shuka? Na ce wa kawunki, "Kai kuma kana tsaye da wannan ƙaton cikin naka, ba ka yi komai ba?" Ya ce, "Inna, ni fa tana dariya na gan ta." Na ce, "Jinina ce, ko wuta ke cin zanenta dariya za ta yi, kai dai ka faɗi ragwancinka."

Na sa an sauko min da akwatina. Gwiwa ta ce ba za ta ba, na ce ta zauna ta jira ni. In kawunki ya dawo wannan karon babu amsa, a gaban motarsa zan zauna. Ki gaya wa mai jan biron nan ya tanadi tawada, don zan ba shi maganar da zai daɗe yana gyarawa.

Kakarki.

* * *

Zuwa ga Kaka,

Gaisuwa da neman afuwa. Lafiyata ƙalau, murya ce kawai ta tafi yawo, ta kuma fara dawowa. Don Allah a mai da akwatin nan inda yake. Ba wanda ya kore ni, ni na kori kaina.

Shawararki na karanta na yi dariya har da hawaye, amma na kasa. Mutumin da na riga na kunyata gaban jama'a, ban ga yadda zan ƙara da yi masa wayo ba. Na same shi shi kaɗai, na ba shi haƙuri kan yadda na faɗi maganar, na ce amma maganar kanta tana nan, ban janye ba. Ya ce ya ji, ya gode, shi ma neman canjinsa yana nan.

To yara ba za su jira mu gama ja-in-ja ba. Aji ɗaya dole a raba shi biyu, kuma babu ɗakin da ya rage a makarantar sai ofishina. Na sa aka fitar da kujerun baƙi da kwabar nan, aka shigo da benci da allo. 'Yar malamar ta riƙe rabi, ni na ɗauki rabi da safe, aikin shugabanci kuma na koma yinsa a baranda da rana. Kin tambaya a wuyan wa. To wannan karon sunana yana kan bango.

Sai dai, Kaka, ashe ban iya ba. Ni manyan yara na saba koya wa lissafi. Na shiga da ƙarfina na cika allo da haruffa tun daga na farko har na ƙarshe, ina nunawa suna bi da waƙa. Murya kamar za su ɗage rufi, amma in na nuna harafi ɗaya a tsakiya sai su zuba min ido. Wani ya yi fitsari, wata ta cinye min alli. Tagar ofishin kuwa tana kallon ajin Malam. Kullum sai in gan shi ya fito, ya tsaya, ya girgiza kai, ya koma. Abin da Kawu ya gani ke nan.

Rannan ina cikin fama sai na ji murya ta taga: "Shugaba, kashe su za ki yi?" Na ce, "Malam, iyakar iyawata ke nan." Ya ce, "Wa ya ce miki ana ɗura wa yaro haruffa duka rana ɗaya? Kuma sunan harafi kike koya musu, kin bar sautinsa." Ya zagayo ya shigo, ya ce in ara masa allin na ɗan lokaci. Ya goge min allo tas, ya rubuta harafi ɗaya ƙato, m. Sannan dattijon nan mai karin guga a wando ya durƙusa har gwiwarsa ta taɓa ƙasa, ya ce, "Wa ya taɓa cin abu mai daɗi? Me bakinsa ya ce?" Suka ce, "Mmm!" Ya ce, "To ga hotonsa nan a allo." Ya ƙara harafin a a gefensa, ya sake rubuta su biyun a gaba. Kafin a kaɗa ƙararrawa wata 'yar mitsitsiya mai giɓi ta haɗa su da kanta ta karanta mama, sannan ta waiga tana neman wanda ya faɗa, ba ta san ita ce ba.

Na lallaɓa na tafi na riƙe masa aji shida. Aron allin nan har yau bai ƙare ba. Kowace safiya sai ya ce, "Yau ma zan ɗan taya ki, kada a cuci 'ya'yan mutane," ya shige. Har ya fara sa 'yar malamar ta zo ta zauna a bayan aji tana kallon yadda yake yi. Bai taɓa cewa ya karɓi ajin ba, ni ma ban tambaya ba.

Ga abin da ya tsaya min a rai. Yau wani jami'in ofishin ilimi ya kira ni a waya, ya ce in sanar da Malam an ba shi canjin. Babbar makaranta ce kusa da gidansa, aji shida, har da kujerar mataimakin shugaba. In bai je ya amsa ba kafin ƙarshen wata, za a ba wani. Malam bai sani ba tukuna. Daga nan inda nake rubutu ina jin muryarsa yana sa su kukan harafin s kamar macizai.

Jikarki, Takwara.

* * *

Zuwa ga Takwarata,

Bayan gaisuwa, lafiya lau muke. Akwati ya koma mazauninsa, gwiwa ta yi hamdala.

Takwara, na karanta wa mamanki takardar nan, na karanta wa kawunki, na karanta wa matar mai kanti da ta shigo aron turmi, ta manta da turmin ta tafi. Wurin 'yar nan mai giɓi sai da na cire tabarau na goge ido. Na ga shugabanni iri-iri a duniyar nan, masu neman babban ɗaki da kujera mai juyawa, amma wadda ta ba yara ɗakinta ta koma baranda, sai a kanki.

Sai dai kada ki raina min wayo. Wai ba ki bi shawarata ba! Ki tsaya gaban tagar gwani kina ɓata aiki da babbar murya, in wannan ba dabarar madafi ba ce, mece ce? Jini ba ya ƙarya, yarinya.

Maganar waya kuwa, wa ya ji? Daga ke sai mutumin ofis. Ke jikar wace ce? Jikar mai rabin kunne. Ki ce layi ne ba shi da kyau ranar. Wata ya kusa ƙarewa, ki kama bakinki, a ba wani kujerar, Malam ya zauna cikin 'yan majinarsa da ya riga ya fara so. Ba cutarsa kika yi ba, taimakonsa kika yi bai sani ba. Ki tuna da 'ya'yan mutane.

Zagin da na yi wa bawan Allah nan kuwa na janye rabi. Sauran rabin sai na ga ya zauna.

Kakarki.

* * *

Zuwa ga Kaka,

Gaisuwa mai yawa, da fatan tarin nan ya sake ki. Ni murya ta dawo gida.

Na rantse miki ba da gangan na ɓata karatun nan ba. Iyakar iyawata ce, kuma abin kunya ne ki yaba min a kai.

Ba zan ɓoye miki ba, shawarar yin shiru ta zo min tun kafin takardarki ta iso, ashe da gaske jini ba ya ƙarya. Na wuni ina juya ta. Amma washegarin kiran, bayan an tashi, na same shi a bakin famfo yana wanke alli daga hannunsa. Na ce, "Malam, an amsa maka." Na faɗa masa komai, har da kujerar mataimaki da kusancin gida. Ya rufe famfon, ya ce, "Da kin yi shiru, da wata ya wuce ban sani ba." Na ce, "Na sani." Ya ce, "To me ya hana?" Na ce, "Malam, ina son ka zauna kamar me. Amma ajin nan mai sonsa yake buƙata, ba wanda aka ɗaure ba. In kuma na fara tsarin nan da ɓoye-ɓoye, wa zai yarda da ni a layi na biyu?" Ya yarfe hannu, ya ce, "Allah ya kai mu gobe," ya hau kekensa.

Ya ci gaba da zuwa, bai faɗi abin da ya yanke ba. Sai dai na ga ya ƙara matsa wa 'yar malamar. Ita ke riƙe alli, shi yana baya yana cewa, "Maimaita. A hankali. Ki durƙusa mana, ba faretin soja ba ne." Na ce shi ke nan, gado yake bari. Malamai suka fara yi min kallon tausayi, wata har ta kawo min shayi ban tambaya ba.

Ranar ƙarshe ta wata bai zo ba. Kekensa babu a gindin bishiya. Na shiga ajin da kaina, yara suka ce, "Ina Baba Malam?" Na ce yana zuwa, ban san ko ƙarya nake musu ba. Na rubuta harafin da ya ce shi ne na gaba, na durƙusa yadda na ga yana yi, muka fara.

Hantsi ya dubi ludayi sai ga shi cikin rigarsa ta zuwa unguwa, gumi sharkaf. Bai ko gaishe ni ba. Ya kalli allo ya ce, "Wutsiyar harafin nan ta yi tsawo." Ya sa yatsa ya rage ta. Na ce, "Malam, daga ina?" Ya ce, "Daga ofishin ilimi. Suka yi ta tura ni daga wannan tebur zuwa wancan, wai ba su taɓa ganin wanda ya ƙi kujerar mataimaki saboda aji ɗaya ba. Wani yaro har ya tambaye ni ko lafiyata ƙalau." Na nemi benci na zauna cikin yara. Ya ce, "Amma da sharaɗi. Ajin nan nawa ne, a faɗa a taron malamai gaban kowa, yadda aka faɗa da farko. Kuma baɗi, wanda zai karɓe su a aji biyu ni zan zaɓe shi, ba za a jefa min su hannun wanda ya ga dama ba." Na ce na yarda. Ya ce, "To Shugaba, a ba mu wuri, muna da aiki." Aka kore ni daga ofishina, wannan karon da gaske.

Jiya aka yi taron, na faɗa. Da na gama, malamin aji biyar, wanda kowa ya san shi ke jiran gadon aji shida, ya ɗaga hannu ya tambaya ko aji biyun an riga an yi wa wani alkawarinsa.

Jikarki, Takwara.

* * *

Zuwa ga Takwarata,

Assalamu alaikum. Lafiya lau muke, tari ya tafi, ko da bai tafi ba takardar nan taki ta isa ta kore shi.

Na ba ki shawara kin ajiye min kayata a bakin ƙofa, na sake ba ki kin sake ajiyewa, kuma wallahi ban ji haushi ba. Da kin bi tawa, da yanzu fursuna gare ki a aji ɗaya. Ga shi kin bi taki, malami gare ki, har wani na bin layi. Ni dabara na iya, ta kuma yi min rana a gidan miji. Abin da kika yi a bakin famfon nan kuwa ba ni na koya miki ba, ban san inda kika samo shi ba, amma Allah ya yi wa wurin albarka.

Wannan tsakaninmu ne. A unguwa na riga na gaya wa kowa ni na tsara komai daga nan kan tabarmata, kada ki zo ki ƙaryata ni.

Ki gaida Malam da hannu biyu, ki ce wata tsohuwa tana yi masa addu'ar ƙarfin gwiwa, don ta san darajar gwiwar da ke durƙusawa ta tashi. Ki gaida 'yar malamar nan ma, ki ce ta buɗe ido da kyau, irin wannan gadon ba kullum ake rabonsa ba.

Na ba kawunki babbar lemata ya kawo miki, ki ajiye ta kusa da tebur. Ruwa ya kusa sauka, baranda kuma ba ta da bango. Na san halinki yanzu, ko an gina miki sabon ofis, wasu yaran za ki zuba a ciki.

Kakarki mai alfahari da ke.